Ranar da Banɗakin Amarya Ya Riƙe Mini Hannu

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Asabar ina kwance rub da ciki a banɗakin Baba Ayuba a unguwar Television, kumatuna a kan tayil, hannuna na dama a cikin ramin da ruwan wanka ke bi, kuma hannun ya ce ba inda za shi. Na ja, na murɗa, har lallashinsa na yi. Ruwan sabulun jiya da na shekaranjiya ya taru yana shiga mini kunne. A bakin ƙofa 'yar gidan ce tsaye, Alheri, ɗaure da zani, soso a hannu. Ƙarfe goma za a ɗaura mata aure a coci.

"Broda falamba, saura minti nawa?"

"An kusa, Anti. Ina jin yanayin fayif ɗin ne."

"Abeg, tun ɗazu kake jin yanayinsa. Me ya ce maka?"

Ku samarin da kuke zama a bakin shago kuna danna waya, kuna cewa aikin famfo ai ba komai ba ne, sifana ɗaya da gam, ku matso. Ni ma haka na ce. Sunana Ishaya. Aji biyu na sakandare na ajiye biro, don ni zama wuri ɗaya ciwo yake sa mini. Na yi lodin kaya a Kudenda wata huɗu, na yi aski wata biyu har na cire wa wani rabin gira, na yi sayar da caja a bakin titi. Daga nan kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin Oga Dauda, falamba, dattijo a cocinmu, ya ce shekara uku, in na gudu kar in dawo gida.

Wata shida na farko Oga bai bar ni na taɓa sifana ba. Ɗaukar jaka, haƙa rami, riƙe fayif yana yankawa. In muka je aiki, ko famfon kicin ne ke ɗiga, ba ya shiga. Sai ya sa hannu a baya ya zagaya gidan kamar mai son saye. Ya ce, "Ishaya, ka fara ganin inda fayif ya fita, sannan ka taɓa inda ya shiga." Ni kuwa a raina na ce tsoho yana jan lokaci ne don abinci ya nuna a ba mu. Kuma gaskiya sau da yawa ana ba mu.

Toshewar banɗaki kashi-kashi ce. Akwai ta yashi, akwai ta guntun sabulu, akwai ta ledar shamfu da yara ke turawa. Amma babbarsu gashi. Gashin mutum na gaskiya da sauƙi, in ya daɗe yana laushi, ka sa waya mai ƙugiya ka jawo shi. Atachi kuwa, wannan gashin roba da mata ke ƙarawa a kitso, ba ya mutuwa. Ba ya ruɓewa, soda ba ta cin sa, in ka ja ba ya tsinkewa. Ya haɗu da man kitso da dattin sabulu ya zama igiya. Kayan aikinsa uku ne: robar nan mai sanda da ake dannawa, waya mai ƙugiya, da sifirin, doguwar waya mai lanƙwasa da ake murzawa tana bin fayif. Hannu ba ya cikin lissafi. Oga ya faɗa mini haka ya fi sau ashirin.

Kuma ku sani, gashin banɗaki ba shi da mai shi. Ban taɓa ciro shi wani ya ce nawa ne ba. Mun taɓa ciro wani tsawon hannuna a ɗakin wani tuzuru mai sanƙo a Kudenda, jajir da shi, har da ɗan bid na ado a jiki. Mutumin ya dube shi ya ce na tsohon ɗan haya ne. Oga ya ce, "Shekara nawa kake gidan?" Ya ce shida. Oga ya ce, "Allah ya ba tsohon ɗan haya lafiya," muka tattara kaya.

Shekarar da aka kulle gari saboda cuta, ita ce shekarar da ta fi ba mu wuya. Ba mai barin ka shiga gidansa. Kowa yana zaune, kowa ya zama falamba ta waya. Matan da ke haɗa sabulun ruwa a gida suka riƙa zuba soda a fayif da tafasasshen ruwa, fayif ya lanƙwashe kamar taliya a cikin bango, ba mai kiranmu. Oga ya ce tunda ba aiki, mu tafi gonarsa a Kakau. Damina guda ina noman masara. Na zo koyon famfo na ƙare da fartanya. Da aka buɗe gari aiki ya dawo har ya yi yawa, duk fayif ɗin da suka dafa mu muka canza, a nan ne hannuna ya faɗa. Wata rana wata madam ta ce, "Yaron nan ya fi ogansa sauri." Shi ke nan. Maganar ta shiga kaina ta yi ɗaki.

Saura wata uku a yi mini firidom, wato ranar da oga zai tara mutane, ya yi maka addu'a, ya ba ka takarda da akwatin kayan aiki, ya ce je ka, ka zama kanka. Wata uku kacal. Na ce ni ba zan jira ba. Ban yi sallama ba. Na samo ragowar fenti na bi bangunan Television ina rubuta INJINIYA ISHAYA FALAMBA da lambar wayata. Kayan aikina duka a cikin buhun shinkafa suke. Sifirin babu, don na Oga ne. Na warware hangar kaya na lanƙwasa bakinta, na ce ta isa.

Sati biyar ban sami komai ba sai canza kan famfo. Sai ga kiran Maman Alheri da sassafe. Na san gidan, kwastoman Oga ne tun kafin a haife ni. Ta ce ƙawayen amarya su shida sun kwana biyu a gidan, duk sun tsefe kai sun wanke a banɗaki ɗaya, yau ruwa ya tsaya cak. Ta ce kunya take ji ta kira Dattijo Dauda ya sa hannu a ƙazanta ranar da zai zauna a babban tebur, sai ta ga lambata a bango. Na ce, "Mama, minti goma." A hanya har waƙa nake. Na ƙwace kwastoman Oga.

Ban zagaya gida ba. Injiniya ba ya zagaye. Na cire murfin ramin, na danna roba, ruwa ya dube ni. Na zura hanga, ta kamo wani abu, na ja, hangar ta miƙe ta fito tsirara. Fayif ɗin irin na da ne, mai faɗi, da gwiwa a ƙasa inda ya karya ya nufi bango. Na naɗe hannun riga na zura. Na wuce gwiwar, na ji gashi, na cusa yatsu a ciki na murɗa don in kama da kyau. Na kama. Shi ma ya kama ni. Atachi ya naɗe yatsu uku, gwiwar ta riƙe wuyan hannu, ina ja hannu yana kumbura.

To a nan Alheri ta same ni. Da ta gane abin da ke ciki, ta tafi ta kira babanta.

Baba Ayuba tsohon ma'aikacin masaƙa ne, dogo, ba ya sauri. Ya zo da rigar bikinsa a kafaɗa, ya tsaya yana kallo na.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Kai ne injiniyan?"

"Ni ne, Baba. Ƙaramar matsala ce. A buhuna akwai guduma da cizal. Tayil ɗaya kawai za a fasa, nan gefen hannuna."

"Hannu nawa gare ka?"

"Biyu, Baba."

"To irin tayil ɗin nan ko ɗaya bai rage a kasuwa ba. Saboda surukai na sa shi. Nemi wata dabara."

Na ce to Anti Alheri ta je maƙwabta ta yi wanka, ni zan ci gaba a hankali. Alheri ta ce ranar aurenta ba za ta ɗauki bokiti ta ratsa kanofin da aka kafa wa baƙi gaban dangin miji ba. Mama ta ce ko za ta ratsa ma, ita da matar gidan can ba sa magana tun Kirsimeti a kan wata tukunya.

Kafin ƙarfe tara labari ya kai bayan gida, inda matan zumunta na coci ke dafa shinkafar biki. Suka bar wuta suka zo, su wajen takwas, duk da zani iri ɗaya. Wata ta ce a rufe mini kai da buhu amarya ta yi wankanta a gefe. Baba Ayuba ya ce ba a gidansa ba. Wata ta kawo man gyaɗa ta tsiyaya, man ya hau kan ruwa yana yawo, ya zo ya shiga mini hanci. Biyu suka kama ƙafafuna, wata ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Hannu bai motsa ba. Wando ne ya motsa. Na riƙe shi da hagu na ce don Allah a tsaya. Shugabarsu ta ce a yi addu'a, suka ta da waƙa, suna tafi, ni ina amin da rabin baki a cikin ruwa. Ana cikin haka na ji wata tana cewa tana da ragowar soda a gida, rabin kofi zai narkar da komai.

"Mama, komai ɗin har da ni," na ce.

Maman Alheri ta duba agogo ta ce, "A kira Dattijo Dauda."

"Mama, kira kowa. Kira 'yan kwana-kwana, kira Fasto, kira mai unguwa. Ban da shi."

"Me ya sa?"

"Yaronsa ne ni. Gudowa na yi. In ya gan ni a haka, na gama aiki a garin nan."

"Ɗana, in bai gan ka ba, 'yata ce ba za ta yi aure ba. Kuma na riga na kira shi tun ana waƙa."

Tara da minti goma na ji takalminsa. Na san takun, ba ya ɗaga ƙafar hagu sosai. Farar shadda, hula, turare. Ya gaisa da Baba Ayuba, ya gaisa da matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi 'ya'yansu. Ya ce a ba shi kujera. Aka kawo farar kujerar kanofi, ya kafa ta a bakin banɗaki, ya zauna, ya tattare rigarsa.

"Ayuba, wane ne wannan bawan Allah?"

"Injiniya ne. A bango muka samo shi."

"Sannu da aiki, Injiniya."

"Oga, ina kwana."

"A'a, ni ba ogan injiniyoyi ba ne. Mu ƙananan falamba ne. Tambaya ɗaya zan yi, don in ƙaru. Ina fayif ɗin nan ya fita?"

Na amsa ƙasa-ƙasa, bakina a jikin tayil.

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Ban duba ba, Oga."

"Bai duba ba," ya faɗa wa matan zumunta. Suka ce, "Ayya."

Ya tashi ya sa hannu a baya, shi da Baba Ayuba suka zagaya lungun bayan banɗakin. Ta ƙaramar taga nake jin su. Fayif ɗin gajere ne, daga gwiwa ya huda bango ya zuba a kwata.

"Ayuba, mene ne wannan a bakin fayif?"

"Gwangwanin tumatir ne. Ni na sa. Na huda shi da ƙusa, na ɗaure da roba."

"Saboda me?"

"Gafiya. Shekara biyu da suka wuce ta biyo fayif ta fito Maman Alheri tana wanka. Ka san abin da ya faru a unguwar nan ranar. Tun da na sa, gafiya ba ta sake shigowa ba."

"Gashi ma bai sake fita ba."

Wato shekara biyu duk gashin gidan yana zuwa ya tsaya a bayan gwangwani yana jiran 'yan'uwansa. Ƙawayen amarya cikawa kawai suka yi. Da na zagaya, minti biyar ne: cire gwangwani, sa ƙugiya, ja. Ko rigata ba za ta jiƙe ba.

Oga bai taɓa komai ba saboda farar shadda. Baba Ayuba ne ya kwance gwangwaninsa yana ƙunƙuni, aka ba shi hangata, ya sake lanƙwasa bakinta, ya sa daga waje ya kamo gashin ya ja da ƙarfin tsohon ma'aikaci. Sai na ji ana ja na cikin ƙasa har kafaɗa.

"Oga, ni ake ja."

"Ayuba, dakata. Ka kamo injiniya."

Ya dawo ya zauna a kujerarsa. Ya tambaye ni yatsu nawa gashin ya naɗe, na ce uku. Ya tambaya ko ina jin su, na ce kamar na wani ne. Ya juya wurin Maman Alheri.

"Akwai ƙanƙara a durom ɗin lemo?"

"Akwai."

"Miyar me aka yi wa mutanen ƙauye?"

"Karkashi."

"Akwai ragowar garin?"

Ta ce akwai. Ya ce a fara kwashe ruwan banɗakin da kofi. Matan zumunta suka yi layi, kofi na tafiya bokiti na dawowa. Aka jera mini ƙanƙara a hannu daga gwiwar hannu zuwa bakin rami, ya ce minti biyar, kumburi ya sauka. Cikin minti biyar ɗin nan ya ci nama biyu, ya ba Baba Ayuba labarin wani rufin coci. Alheri tana tsaye tana kallon agogon waya, mai kwalliya tana bayanta da akwati. Sannan aka dama karkashi a ruwan sanyi, ya yi yauƙi har yana bin ludayi, Mama ta riƙa tsiyaya shi a jikin hannuna yana gangarawa ciki.

"Yanzu saurara," in ji Oga, kuma wannan karon bai ce injiniya ba. "Kar ka ja. Tura ciki. Saki abin da ka riƙe, miƙe yatsu, haɗa su wuri ɗaya. Ayuba zai ja daga waje a hankali, gashin zai zame ya bar ka. In ka ji ya bar ka, juya babban yatsa wajen bango, ka fito kamar mai zare hannu daga aljihun wani."

Na tura. Na miƙe yatsu. Na ji abu yana sulɓewa, ɗaya, biyu, na ukun ya ɗan yi gardama ya tafi. Na juya, na zaro. Hannun ya fito fari fat, ya yi yamushi kamar na tsohuwa, karkashi na zuba. Mama ta juye bokiti guda a ramin, ruwan ya tafi da wani irin ƙara, matan zumunta suka sa guɗa. Mutanen kanofi suka ɗauka amarya ce ta fito, mai kiɗa ya kunna.

Alheri ba ta jira na miƙe ba. Ta ce, "Broda, fita," na fita da rarrafe.

A lungu kuwa Baba Ayuba yana ta ja, abu yana ta zuwa. Da ya gama ya shimfiɗe shi a bakin kwata, ya fi shi tsawo. Kala-kala, kamar an jera shekaru. Ƙawayen amarya suka zo kallo da rabin kwalliya. Wannan ta ce ita baƙi take sawa amma ba irin wannan baƙin ba. Waccan ta ce nata gajere ne. Can wajen tsakiya akwai wani ja mai walƙiya, ya kai kamu ɗaya. Kowa ya juya ya dubi Maman Alheri.

"Ni ban taɓa sa ja ba."

"Istar bara," in ji Baba Ayuba. "Har na ce miki kin yi kama da motar kashe gobara."

Minti bakwai Alheri ta yi a wanka. Goma da kwata motarsu ta tashi, aka ce mini ango ma bai iso da wuri ba. Oga ya nemi ruwa ya wanke hannu, shi da bai taɓa komai ba sai nama. Ya ce wa Baba Ayuba in gafiya ce damuwarsa, akwai murfin raga da ake cirewa a wanke duk sati. Ya gyara hularsa, ya wuce ta gabana ina tsaye ina ɗigar karkashi, bai ce zo ba, bai ce tafi ba. Ya shiga motar dattawa.

Mama ta ba ni shinkafa a roba da nama uku, ta ce in je in canza kaya in dawo risefshan. Ban koma ba. Na zauna a kan dakalin wani shago na ci da hagu, don dama ba ta riƙe cokali. Mutum biyu suka wuce suka ce sannu Injiniya, ya hannu. Tun azahar ba ta yi ba labari ya riga ni zuwa bakin titi.

Da yamma, da na san an tashi daga biki ya koma gida ya cire takalmi, na ɗauki waya na rubuta da babban yatsan hagu. Sau huɗu ina gogewa. Ga abin da na tura:

"Oga barka da yamma, Ishaya ne. Na gode da yau. Hannun ya sauka, yatsa ɗaya ne bai dawo ba tukuna. Na yi kuskure. In ka yarda ran Litinin ƙarfe bakwai ina bakin shagonka. Wata ukun da suka rage ko ka mai da su shida zan yi. Kuma jar filayarka da kake nema tun watan jiya, wadda ka ce maigadi ne ya ɗauka, ba maigadi ba ne. Zan zo da ita."